Rasuwar Ɗan Ƙirgau, Mai Auna Zuciyar Inna

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Malam Nata'ala mai gyaran waya a Sabon Garin Maradi yana sanar da 'yan uwa rasuwar na'urarsa Ɗan Ƙirgau, wadda ta cika ranar Talata da hantsi tana da shekara biyu.

Da hannunsa ya haɗa ta cikin gidan sabulu, saboda mahaifiyarsa Inna Fasuma ta Tibiri, mai fama da faɗuwar gaba. Marigayiya ido ɗaya gare ta, kore. A ɗora mata yatsa, ta haska jini, layukan umarnin da Nata'ala ya rubuta su auna tazarar bugun zuciya da na bayansa, su raba minti ɗaya da ita. Da ƙuruciya ta yi wauta, takan ƙirga bugu ɗaya sau biyu, har ta taɓa ba tsohuwa ɗari da sittin, gida ya ɗauki salati. Ya koya mata ta ɗan dakata bayan kowane bugu. Tun daga nan ba ta ƙara ƙarya ba, kuma ba a taɓa jin ta ce komai ba sai “tit, tit, tit”.

Kowace Juma'a yakan goya ta a moto zuwa Tibiri. Da yake lalle yana tare mata haske, Inna ta bar manuninta fari fat shekara biyu, ko da salla. Mata su yi ta tsiya, ita ko ta ce wannan yatsan na Nata'ala ne.

Ciwon ajali ya zo ne a jakar ƙaninsa Alhaji Abdurrazak, daga Dubai. Wai agogo! Agogon da ko sukurunsa Alhaji bai san inda yake ba, sayensa kawai ya yi. Shi yana ƙirgawa dare da rana, ba ya jiran Juma'a. Inna ta ɗaura, tana nuna wa maƙwabta, ta kuma ce wa Nata'ala ya huta da ƙona mai. Da ya je, ya tarar yatsu goma duk sun sha lalle, jajir har baƙi. Kishi ne, ba ya musu, ya ci shi har ƙashi.

Marigayiya ta laluba, ba ta ga jini ba. Ya dawo shago ya yi ta sassauta mata sharaɗin gane bugu har ta koma ƙirga motsin injin niƙan maƙwabta. Cikin fushi ya ƙara wa idon wuta don ya keta lallen. Ta yi “tiii” guda, hayaƙi ya tashi.

Ta bar wayoyin wuta uku, da batir mai sauran rai, da layi tamanin na umarni, marayu a kwamfuta.

Za a binne ta Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a gindin darbejiyar gidan Inna. An yafe wa Alhaji zuwa, ya ji da harkokinsa. Zaman makoki kuwa a ɗakin Inna za a yi shi, kowace Juma'a, ba ranar tashi. Nata'ala zai riƙa zuwa da yatsunsa biyu, don ya ji an ce da su ma ana ƙirgawa. Roƙonsa ɗaya, Inna ta miƙo masa hannun da ba agogo.