Tanimu Farfesa da Ragon Suruki

Wani mutum ne a unguwarmu, Tanimu, wanda ya raɗa wa kansa suna Farfesa. In ka ji shi a majalisa, sai ka rantse shi ya koya wa kwamfuta lissafi. Alhali jarrabawar lissafin ma da ƙyar da jiɓin goshi ya haye.

To, yana neman auren Shafa'atu 'yar Alhaji Barau, kuma Alhaji bai gama yarda da shi ba. Ana saura wata guda Babbar Sallah, ragon layyar Alhaji ya kamu da tsutsar ciki. Likitan dabbobi ya kawo kwalbar magani da takarda mai zanen lissafi guda biyu, ya ce wa Alhaji: a auna ƙirjin rago, a duba zanen farko ya ba da nauyinsa, sannan a kai nauyin zane na biyu ya faɗi murfin kwalba nawa za a ɗura masa.

Sai ga gogan naka ya zo gaisuwa. Caraf ya karɓe takardar.

"Baba, ai wannan shan ruwa ne. Ido rufe nake karanta irinsa."

"Likita ya ce a fara da na farko," in ji Alhaji.

"Na farkon na 'yan koyo ne, Baba. Mu manya kai tsaye muke wucewa."

Aka auna ƙirji, santimita tamanin. Da ya duba zanen farko, da ya ga kilo arba'in, murfi biyu ke nan. Ina! Farfesa ya ɗauki tamanin ɗin nan ya dangwara a zane na biyu, ya bi da yatsa yana ƙanƙance ido.

"Murfi huɗu!" Ya ƙara ɗaya gyara, saboda suruki.

Rago ya sha. Ya yi taga-taga, ya juya ido, tim! Ya zube yana shure-shure, zawo tsuuu a kan shaddar Farfesa. Mata suka ɗauki salati, Shafa'atu na leƙe ta taga.

"Alamar magani na aiki ke nan," in ji Farfesa.

Alhaji ya dubi ragonsa, ya dubi Tanimu, ransa ya gama ɓaci.

"Madalla da ilimi. Kai ma na ga ka rame, da alama akwai tsutsar. Ku auna min ƙirjinsa."

Ƙattin gidan suka riƙe shi tamau. Ɗari cif.

"Farfesa, duba mana zane na biyu, ɗari murfi nawa ne? Kada ka manta da gyara."

Kwalba na dosar bakinsa ya kurma ihu: "Baba, don girman Allah! Ai ba haka ake yi ba! Sai an fara bi ta zanen farko!"

"Au, ashe na farkon ma manya na dubawa?" in ji Alhaji. "Ku sake shi. 'Yata kuwa, ko ta zane goma ya biyo ba zai iso gare ta ba."