Ginshiƙan Barandar Bappa

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na gano cewa rayuwar ɗan Adam kashi biyu ce: kafin ya motsa abu, da bayan ya motsa shi. Manyan malamai sun rubuta littattafai ba su kai ga wannan ba. Ni a kan ginshiƙan baranda na gano shi.

Ni malamin zane ne a wata sakandare a Jalingo. Na yi wata biyu ina koyon manhajar da ake gina abu a kwamfuta, a juya shi ta kowane gefe, sai na fara amsa sunan injiniya a gidan surukaina (ban ce su kira ni haka ba, ban kuma hana ba). Bappa Hammajoda, baffan matata, zai yi gini a unguwar Sintali, ya ce in nuna masa barandar kafin a kafa bulo. In ta yi masa, ni zan zana gidan duka.

Ga yadda manhajar take. Idan ka ƙirƙiri abu, wani ɗan akwati yana fitowa a ƙasan allo, a nan za ka faɗi faɗinsa, tsawonsa, da yawan gefunansa. Da zarar ka matsar da abin ko da taku ɗaya, akwatin ya tafi ke nan. Kwamfutata tsohuwa ce, tana nishi, don haka na rage gefunan ginshiƙin zuwa takwas, na matsar da shi, na kwafa goma sha biyu, na shafa musu fenti.

Bappa ya duba ya ce, "Malam, waɗannan ai fensir ne. Ni masu zagaye nake so, sumul kamar ganga."

Na ce an gama. Na koma neman akwatin, babu shi.

Mai hankali zai tsaya ya yi tambaya. Ni na ɗaura ɗamara. Na rantse ba zan share abin da na riga na yi wa fenti ba. Na kama yanka kowane gefe gida biyu, ina jan kowace kusurwa da hannu, ginshiƙi bayan ginshiƙi. Kwana huɗu. Matata ta ce ko a jarrabawa ba ta ga na yi irin wannan zufa ba. Da na gama, ginshiƙan sun fito kamar rogon da aka fere da wuƙa marar kaifi, amma na ce wa kaina daga nesa ba laifi.

Ranar nuni muka tafi shagon buga takardu na Madam Rifkatu a Barade, saboda allonta babba ne. Babban allo ba ya rufa asiri. Bappa ya gyara tabarau ya ce, "Subhanallahi. Gara ce ta ci su?"

Na fara bayani mai tsawo a kan iyakar fasahar zamani. Madam Rifkatu ta leƙo.

"Malam, kai ka yi wannan da hannu? Duka?"

Na ce duka, har da ɗan alfahari.

"Kai! Matsa kaɗan."

Ta share ginshiƙaina, ta kira sabo, akwatin ya fito, ta rubuta sittin da huɗu a wurin yawan gefuna kafin ta taɓa komai. Ta kwafa goma sha biyu. Ban gama haɗiye yawu ba ta miƙo mini linzamin kwamfutar.

Bappa ya yi mata godiya da Fulatanci ya ce, "Useko, Madam. Kina zanen gida duka?"

Tana yi. Ita ta zana.

Tun ranar na koyi cewa a cika akwatin kafin a motsa, in kuma an makara, sharewa ba abin kunya ba ne. Ina faɗa wa ɗalibaina wannan da muryar wanda ya sha wuya saboda zagaye.

An gama ginin bara. Ginshiƙan masu kusurwa huɗu ne, domin allunan zuba kankaren da birkila yake da su ke nan.