Ranar da Na Nutse a Ruwa Iya Gwiwa

Zuwana Yamai na farko, ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, ko gada ba a yi ba. Ƙanina Sale, tela a can, ya kira ni daga Kano in nema masa aure a tsallaken kogi. Na sha babbar riga, na rungumi ƙwaryar goro, muka shiga kwalekwale ni da Sale.

Matuƙin, wani dattijo Bazabarme, ya ce, "Malam, zauna ƙasa. Kada ka tashi sai na ce."

Na ce, "Haba Baba, ni da na ƙetare kogin Wudil sau uku?" Ban dai gaya masa a mota na ƙetare ba.

Muna dab da gaɓa na hango uban yarinyar da jama'arsa suna jiranmu. Na ga bai kamata su fara ganina a duƙunƙune kamar buhun gero ba. Na miƙe tsaye, na yarfa hannun rigar bisa kafaɗa yadda manya ke yi. Kwalekwale ya kife.

Na dinga salati ina ihu, "Sale, ga amanar 'ya'yana!"

Wata tsohuwa mai wanki ta dube ni ta ce, "Malam, tashi mana." Na tashi. Ruwan iya gwiwa.

Goro ya tafi, amma an ba mu auren, don dariya ta hana surukin yin gardama.

Yau matar Sale har da jikoki, amma in ta kawo mini ruwan alwala sai ta ce, "Yaya, ka iya kai kaɗai, ko in kira matuƙi?"