Cindo da Tukunyar Sabulu

A Unguwar Rimaye akwai wani magidanci ana ce masa Cindo, wanda duk abin da aka faɗa masa, yadda ya shiga kunnensa haka yake aikatawa. Yana zaune da yayarsa Delu, mai dafa sabulu. Da sabulun nan gidan ke ci. Da idon Delu ya fara dushewa, Cindo ya buga ƙirji ya ce, "Wallahi Yaya, sai na iya sana'ar nan."

Wata rana Delu ta ce, "Ka riƙe wannan: gwangwanin soda ɗaya, gwangwanin mai shida yake ci. In soda ta yi yawa, sabulu ya ƙone fatar mutane." Cindo ya jera gwangwanaye shida a gaban na soda, ya tsuguna yana jira. Har rana ta take, bai motsa ba. Can ya ce, "Yaya, ko loma ɗaya bai yi ba. Ko azumi yake?"

Wata rana masu saye suka ƙaru. Delu ta ce, "Yau ka ninka komai." Cindo ya ninke tabarma, ya ninke zannuwanta, ya sa guduma ya ninke gwangwanin awo. Ta tarar da shi yana gumi, yana kokawa da muciya.

Wata rana zazzaɓi ya kwantar da Delu, ga sabulun gidan suna an yi alkawari. Daga kwance ta ce, "Jeka ka ji mai nawa ya rage a duro." Cindo ya kafa baki a ƙofar duron, ya ƙwala, "Nawa ka rage?" Duro ya amsa, "Rage, rage." Sai ya rage rabin sodar da Delu ta auna wa man duron, ya juye man a tukunya, ya dafa.

Da Delu ta ji, ta rarrafo tana salati. "Ka kashe mu, Cindo!" Sai ƙafarta ta zame. Ashe duron ya huje, rabin man ƙasa ta shanye. Ta lakaci sabulun ta ɗora a harshe. Bai cije ta ba, bai kuma yi maiƙo ba: rabin soda ya yi daidai da rabin mai. Ta zauna daɓas, dariya da hawaye tare.

Cindo ya koma wurin duron ya ce, "Na gode!"

"Gode, gode."

Ya juyo da murna. "Yaya, wannan ma ɗan mutunci ne."