Rasuwar Wuƙar Mai Gyaran Kujeru

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da aljihun da ya wayi gari fayau, mai gyaran kujeru na bakin layi yake sanar da 'yan'uwa da abokan sana'a rasuwar wuƙarsa mai naɗewa, wadda ta tsufa tana yanka masa fata da soso ba ta taɓa ɗanɗana jininsa ba.

Marigayiyar mai makulli a gadon baya ce. In an buɗe ta, ta ce "ƙas" sau ɗaya, magana ta ƙare; ko katako aka dosa ba ta lanƙwasawa. In za a rufe ta, bayanta ake dannawa, yatsu na can gefe cikin aminci. Ba ta san wargi ba, ba ta san cin amana ba.

Ajali ya same ta a hannun mijin 'yarsa, yaro mai ladabi, da ya zo gaisuwa ya ce zai taya aiki. Shi ya saba da wuƙaƙen zamani masu ɗan ƙarfe a ciki, wanda ake turewa da babban yatsa. Da ya zo rufe ta, ya leƙa cikinta, ya laluba, bai ga komai ba. Kunya ta hana shi tambaya, kunya ta hana mai kujeru magana. Yana ji yana gani, wallahi, yaron nan ya kifa ta a kan teburi ya danne iya ƙarfinsa. Ta ce "ƙaras". Tun daga nan bakinta ke girgiɗi kamar haƙorin tsoho, har rai ya yi halinsa.

Ta bar ƙanwa mai zobe a wuya, wadda sai an murɗa take kulluwa, in an tuna; da wata 'yar riƙo marar makulli sam, mai rufuwa duk sa'ad da ta ga dama. Ta kuma bar magajiya, wadda surukin ya sayo ya kawo har gida, ya durƙusa ya miƙa. Mai ɗan ƙarfe a ciki ce, irin wadda sai ka sa yatsa a hanyar kaifi kafin ta rufu. Kullum 'yar mai kujerun sai ta tambaya ko Baba na jin daɗin aiki da ita, kullum yana cewa sosai ma.

Za a yi jana'iza bayan an tashi aiki, a aljihun teburi na ƙasa, kusa da tsohon almakashi. Masu ta'aziyya su yi haƙuri da hannun hagu wajen gaisawa, na daman yana naɗe da bandeji. In 'yarsa ta tambaya, ƙusar kujera ce.