Rasuwar Kofur, Famfon Tsakar Gidana

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da ban ga dalilin ɓoye shi ba, ni Saja Dawuda mai ritaya, na Rikoto a garin Zuru, ina sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar famfon tagulla na tsakar gidana, wanda muke kira Kofur. Bari in faɗi abin da ya kashe shi tun yanzu, kada a ɗora wa ajali. Gaggawa ce da rashin jin maganar manya. Sauri kuwa, in ji masu magana, shi ya haifi nawa.

Marigayin ya shigo gidan nan shekarar da na ajiye kaki. Da hannuna na ɗaura shi a gindin tanki, kuma tun ranar bai taɓa barin bakin aikinsa ba, shi ya sa na ba shi muƙami. Rana ta doke shi, jikoki sun yi lilo a wuyansa, awaki sun soshe jiki da shi, bai kai ƙara ba. Ka murɗa shi da safe ya ce ƙiii, kamar mai gaisuwa, sannan shaaa. Saboda shi uwargidana Margaret, wadda gwiwoyi suka sa a gaba, ta manta yadda ake naɗa gammo.

Ciwon nasa tsoho ne. Ruwan burtsatsen da ke cika mana tanki zartsi ne. Ka goga sabulu har hannu ya gaji, kumfa ta ƙi tashi. Ka tafasa, gindin buta ya yi farin ƙanzo kamar an shafa toka. Wannan ƙanzon ne ke taruwa a maƙogwaron marigayin, yau da gobe. Maganin ba wuya. Duk ranar kasuwa nakan rufe makullin tanki, in kwance Kofur, in jiƙa shi cikin ruwan tsamiya mai kauri, in je kasuwa in dawo, in sakace masa da tsinken tsintsiya, in mayar. Rigakafi ya fi magani.

Bana girbin dawa ya riƙe ni a gonata can Ribah. Kafin in tafi na bar tsamiya kwano guda, na nuna wa ɗana Godswill yadda ake yi. Godswill ɗan kabu-kabu ne, magidanci da gemu a haɓa, ba yaro ba. Tsamiyar ta ƙare a kunu.

Daga nan murya ta fara shaƙewa. Shaaa ta koma tsut, tsut. Tsut ta koma ɗis, ɗis. Mace ta tara bokiti, ta je ta yi daka ta yi tankaɗe, ta dawo bai kai rabi ba. Ko a lokacin, da an sayo tsamiya, da yanzu ba mu cikin makoki. Amma Godswill ya ga wani a waya yana wanke ƙarfe da ruwan batir. Sai ya ciro batirin mashin ɗinsa, ya tsiyaye ruwan cikin kwanon sha, ya tsoma marigayin, ya tafi hira. Da ya dawo, ya watsa ruwan a shukar yakuwar uwarsa, ya mayar da famfon. Zaren da ake murɗawa ya cinye, ya ƙi kamawa, sai ya sa sifana ya danna da ƙarfin samartaka, ya buɗe makullin tanki. Maganar Kofur ta ƙarshe ita ce ƙas. Wuya ya karye, tanki ya juye a tsakar gida. Garin neman gira an rasa ido.

Marigayin ya bar tanki, wanda ke tsaye ciki fayau. Ya bar bututu, mai fama da irin ciwonsa, ga guntun wuyan maƙale a bakinsa. Ya bar kan shawa, da farin ƙanzo ya makantar da rabin idanunsa, da bokitai masu yawa, duk marayu. Da na dawo daga gona, na kai gawar shagon Ikechukwu mai kayan famfo, ya juya ta, ya girgiza kai, ya ce irin wannan tagullar ta daina zuwa, sai na roba, kuma bututun ma sai an sake shi gaba ɗaya.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi, a gindin tanki. 'Yan gwangwan kada su wahalar da kansu, ba a sayar da soja a kan sikeli. Masu zuwa gaisuwa su yi haƙuri, babu kunu, sun san dalili.

Godswill ne zai haƙa ramin. Ga abin da ya samu a gadon: batirinsa ya mutu, mashin na jingine a bango. Wandonsa na zuwa coci, da ruwan batirin ya fantsama masa, ya huje a gwiwa biyu. Miyar yakuwa ta ƙare masa a gidan nan. Ruwan uwarsa kuwa, na sha da na wanka da na wanki, shi zai ɗebo da jarka, a ƙafa, a kansa, har ranar da sabon bututu ya shiga ƙasa. Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.