Ranar Da Na Kawo Wa Garinmu Wuta Da Baki

Ba zan taɓa mantawa ba da tafin da aka yi mini a zauren taro na ƙaramar hukumarmu, domin ban taɓa samun irinsa ba, kuma ban cancance shi ba.

Lokacin ban daɗe da kama aiki a sashen yaɗa labarai ba, bayan na gama jami'a a Gashua. Sai aka zo da batun wata wayar intanet ta ƙarƙashin ƙasa, wadda ake ce wa faiba. Za a ja ta daga Nguru zuwa Gashua, kuma kowace ƙaramar hukuma sai ta ce ta shiga ko ba ta shiga ba. Idan muka ƙi, ta wuce ta bar mu da sabis ɗin da sai ka ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa. Matsalar ita ce za a haƙa rami ta bakin gonakin mutane, don haka ciyaman ya ce sai an ji ta bakinsu.

Injiniyan da aka turo ɗan kudu ne, Hausarsa ba ta wuce "sannu" ba. Mai yin tafinta kuwa ya tafi suna Dapchi. Aka ce, "Ga mai waƙoƙin nan, ai ta iya magana." (Laifina ne. Ni na yi ta karanta wa abokan aiki baitocina ba su tambaye ni ba.)

Zaure ya cika da manoma da 'yan kasuwa da malamai. A gaba ga Alhaji Modu mai injin casar shinkafa, wanda gonar barkononsa ce ramin zai fi ci, kuma ya zo ne takanas don ya ce a'a.

Injiniya ya fara da Turanci: wayar gilashi ce siririya, haske ne ke ɗaukar saƙo a cikinta. Ni kuwa zuciyata ta narke. Gilashi! Haske! Ina ni ina ɓata wannan da kalma mai kaushi irin "kebul"?

Na gyara mayafi na ce, "Iyayena, zare ne siriri kamar gashin jariri. Za a kwantar da shi a ƙasa, haske yana gudu a cikinsa kamar ruwa a kogi."

Na ci gaba.

"Wannan haske zai shiga asibiti, ya shiga makarantu, ya shiga shagunanku. Dare da rana. Ko an yi iska, ko an yi ruwa, ba ya ɗaukewa."

"Ba ya ɗaukewa?" in ji wani daga baya.

"Ba ya ɗaukewa, Baba."

Sai tafi ya ɓarke, wasu na kabbara. Ciyaman ya riga ya fita gindin bishiya amsa waya, kansiloli kuwa da suka ji tafi sai suka taya. Ni ina tsaye ina jin idona na kawo ƙwalla. Na ce a raina, ashe mutanenmu suna son adabi, ba su samu mai ba su ba ne.

Alhaji Modu ya miƙe. "'Yata, Allah ya yi miki albarka. Na zo da faɗa, amma na fasa. A haƙa! Har barkonon a haɗa." Ya juya ga jama'a yana murmushi. "Man da injina ke sha ya isa haka. Tambayar mini injiniyan, zai ja injin casa?"

Ban gane ba. Na ɗauka zolaya ce ta dattijai, har na yi 'yar dariya.

Sai Maman Chidi mai shagon lemo ta ɗaga hannu. "Yarinya, firiza nawa fa? Zai yi ƙanƙara? Gobe-gobe ni zai sayar da janareto!"

A nan ne na gane. Wuta. Wutar lantarki suka ji. Kuma in ka duba, me na ce da ba ita ba?

Injiniya ya matso yana fara'a, yana so ya san me suke cewa. Na fassara masa da muryar da ni kaina da ƙyar na ji. Ya dube ni, ya dubi Maman Chidi, ya tambaye ni wace firiza.

Babu mafita. Na ɗauki makirfo (wanda sai lokacin ya ga damar yin aiki da kyau) na ce, "Ku yi haƙuri. Ba wuta ba ce. Netwok ne."

"Netwok na waya?" in ji Alhaji Modu.

"E, Alhaji."

"To hasken fa?"

"Yana... yana ciki. Ba a ganinsa."

"Haske. A rami. Ba a ganinsa." Ya gyaɗa kai a hankali, ya naɗe babbar rigarsa. "'Yata, a mayar mini da albarkata da barkonona."

Dariyar da aka yi ta fi tafin ƙarfi. Taro ya watse ba a yanke komai ba, ciyaman ya dawo ya tarar da kujeru.

Hukuncina shi ne in bi mutanen nan gida-gida kafin zama na biyu. Na je wurin Alhaji Modu na durƙusa, na faɗa masa ba ado: in ya kira ɗansa da ke karatu a Maiduguri zai gan shi, fuskar ba za ta daskare ba. Ya ce, "Da haka kika ce tun farko fa?" Ya yarda, bisa sharaɗin rami ya bi ta bayan shinge. Majalisa ta amince muka shiga.

Yanzu in na ratsa kasuwa sai in ji an ɗaga murya, "Malama, an kawo?" Nakan ce, "Tana hanya," in ƙara sauri. Na dai koyi cewa abin da ke da suna a kira shi da sunansa, komai muninsa. Kebul sunansa kebul.